Katalis ɗin jan ƙarfe yana mutuwa a zagaye na biyu wajen juya furfural, ko in canja ƙarfe?

Ɗalibin Kimiyya

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Shawara nake nema kan juya furfural, sinadarin ruwa da ake fitarwa daga ragowar amfanin gona, zuwa furfuril alkohol da iskar haidurojin, ta hanyar katalis, wato garin da ke hanzarta aikin. Zan zayyana yadda aikin yake tun daga tushe don a ga inda kuskuren yake.

Furfural ɗin daga totuwar masara aka fitar da shi, da asid sulfurik da tururi. An raba ruwan, an ɗauki na ƙasa, an busar da shi da sodiyam sulfet, ba a sake tace shi da tururi ba. Launinsa kamar shayi ba madara. Katalis ɗin jan ƙarfe ne kashi 15 cikin ɗari a kan silikar da aka samu daga tokar buntun shinkafa. An jiƙa buntun a asid HCl, an wanke, an ƙona a digiri 650. An zuba wa silikar ruwan naitiret na jan ƙarfe, ta kwana a obin a digiri 120, aka gasa a 500 na awa huɗu, sannan aka bi ta da zallar haidurojin a 400 na awa biyu. Da ta huce aka juye a takarda, aka auna, aka zuba a tukunyar matsi.

Tukunyar mai mililita 100 ce. Furfural giram 1, aisofurofanol mililita 40, katalis giram 0.2, haidurojin bar 20, zafi digiri 160, awa huɗu, juyawa 400 a minti.

A zagayen farko kashi 88 na furfural ya juya, amma furfuril alkohol ɗin da ya fito kashi 61 ne. Idan na haɗa duk abin da GC, na'urar da ke rarrabe sinadaran samfur ta auna yawansu, ta nuna, kashi 75 kawai nake iya lissafawa, sauran ya ɓata. A zagaye na biyu da katalis ɗin nan juyawar ta faɗo zuwa 35. Katalis ɗin ya yi baƙi yana danƙo, ruwan kuma ya ɗan yi kore-kore. Shin jan ƙarfe ne ba shi da ƙarko? In koma nikel ko faladiyam a kan gawayi, ko in nemo kofa kuromait, katalis ɗin jan ƙarfe da kuromiyam, da ake cewa shi masana'antu ke amfani da shi?

Malamin Katalis

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka canja ƙarfe. In dai furfuril alkohol kake so, jan ƙarfe shi ne gidansa, kuma akwai dalili.

Ƙwayar furfural tana da wurare biyu da haidurojin zai iya shiga: hannun aldihaid, wato C=O, da zoben furan mai C=C biyu. Kai hannun kaɗai kake so a taɓa, zoben ya tsira. A fuskar jan ƙarfe furfural a tsaye yake sauka, oksijin ɗin hannun ne ke kama ƙarfen, zoben kuma yana can sama domin jan ƙarfe ba ya jan sa. Don haka haidurojin ba ya samun komai sai C=O. A kan faladiyam da nikel kuwa ƙwayar kwanciya take yi, karbon da oksijin na hannun duk su manne, zoben ma ya manne. Daga nan ƙofofi da yawa suke buɗewa. Faladiyam a zafi mai yawa yana guntule hannun gaba ɗaya, CO, wato karbon monoksaid, ya fita, a bar maka furan. A zafi kaɗan cikin ruwa kuma ya cika zoben da haidurojin. Nikel yana wucewa da kai zuwa tetirahaidurofurfuril alkohol, in zafi ya ƙaru ya fasa zoben. Ƙungiyar Daniel Resasco a Jami'ar Oklahoma ta Amurka ta jera waɗannan ƙarafa uku a kan silika a 2011, ta kuma ga irin wannan bambanci a tsakaninsu. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba: idan nikel mai laushi ya haɗu da CO ɗin da ke fita daga guntule hannun, lokacin da tukunya ke hucewa ana iya samun nikel kabonil, guba ce mai kisa ko da kaɗan aka shaƙa.

Yanzu ga inda nake ganin ka kashe katalis ɗinka tun kafin ya ga furfural. Zallar haidurojin a digiri 400.

Cire oksijin daga CuO, wato oksaid ɗin jan ƙarfe, aiki ne mai fitar da zafi, kusan kilojul 85 a kowane mol. Ƙa'idar da ake riƙewa a masana'antu ita ce, kowane kashi 1 cikin ɗari na haidurojin da ya ƙone a cikin naitirojin yana iya ɗaga zafin gadon katalis da kusan digiri 30. To ka auna da zallarsa. Na'urar auna zafin tandarka tana nuna 400, amma a jikin ƙwayoyin, a daidai lokacin da aikin ya kama, zafin ya zarce haka nesa. Shi kuwa jan ƙarfe a digiri 1085 yake narkewa, ƙasa sosai da nikel ko faladiyam. Ƙwayoyin zarra na samansa suna fara motsi tun wajen digiri 135, kuma da an kai wajen 405 ɗaukacin ƙwayar ke iya tafiya ta haɗe da 'yar'uwarta. Ka ajiye shi daidai bakin wannan iyaka har awa biyu, ga tururin ruwan da aikin ke fitarwa yana ƙara masa santsi. Ƙananan ƙwayoyi sun dunƙule sun zama manya, fuskar aiki ta tafi.

Yadda ya kamata: haidurojin kashi 5 cikin naitirojin, iskar tana gudu sosai don ta kwashe tururi, a hau digiri 2 a minti har 250, a tsaya awa biyu zuwa uku. Sai a awar ƙarshe, bayan ruwa ya daina fitowa, za a iya buɗe zallar haidurojin. In akwai na'urar TPR, mai nuna zafin da katalis ke shan haidurojin, a fara da ita, a duba inda tsaunin zanenta ya ƙare, a ɗora digiri 30 zuwa 50 a kai, kada a wuce.

Kuskure na biyu shi ne juyewa a takarda. Jan ƙarfen da aka gama cire wa oksijin yana shan iska nan take. Mai kyau ma har ɗumi yake yi a hannu, launinsa ya sauya kana kallo. Ko dai a huce shi cikin naitirojin a zuba masa aisofurofanol ɗin da aka kore wa iska tun yana cikin bututu, a kwashe shi a jiƙe, ko a lulluɓe shi a hankali da oksijin kashi 1 cikin naitirojin na awa ɗaya a zafin ɗaki, sannan a sake farfaɗo da shi da haidurojin a cikin tukunyar kafin a saka furfural. Oksaid ɗin da ya hau samansa shi ne ya fi saurin narkewa idan akwai asid a ruwan, kuma ina zargin koren da ka gani daga nan yake.

Ka kai sabon katalis da wanda ya yi aiki a yi musu XRD, awon hasken X da ke nuna kowane sinadari a matsayin layi a kusurwarsa, da girman ƙwayoyinsa. Jan ƙarfe zalla yana fitowa a 43.3 da 50.4, Cu2O a 36.4, CuO a 35.5 da 38.7. In layin 43.3 siriri ne mai tsini, ƙwayoyinka manya ne. Ka dawo mana da girmansu.

Malama Mai GC

Na yarda da Malam kan batun zafi, amma dunƙulewa tana bayyana raunin katalis ne tun daga farko. Ba ita ke kawo danƙo ba, ba ita ke cinye kashi 25 na karbon ba. Wannan aikin asid ne, kuma daga furfural ɗinka ya shigo.

Furfural mai tsabta ruwa ne garau, ko ɗan rawaya kaɗan. Wanda ya yi launin shayi ya riga ya sha iska da haske, ya fara zama asid furoyik da ƙananan sarƙoƙi. Ga kuma abin da ya taho da shi daga totuwa: asid asetik daga rassan asetil na hemiselulos, asid fomik, ɗan metanol, da 5-metilfurfural. In tururin ya yi tsalle da ɗigon ruwan tukunya, har sulfet yana biyowa. Sodiyam sulfet ruwa kawai yake sha, bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Shi furfuril alkohol ba ya ga maciji da asid. Da ya samu ɗan asid da zafi sai ƙwayoyinsa su fara ɗinkewa da juna, ruwa yana fita, su zama baƙin ƙaro. Wannan halin nasa ne ma ya sa yake da kasuwa, domin da shi ake ɗaure yashin zubin ƙarfe. Wato a tukunyarka kana yin kayan da kake so, asid kuma yana mai da shi ƙaro a kan katalis ɗin. Ƙaron ba ya tashi a GC, shi ya sa lissafinka ya tsaya a 75. Gargaɗi a nan: kada a taɓa zuba asid mai ƙarfi a zallar furfuril alkohol, ko a zuba ragowarsa a kwalbar sharar asid. Haɗuwar tana zafi har ta fashe.

Ka fara da auna asid ɗin. Furfural mililita 5 a ruwan da aka tafasa ya huce mililita 100, ɗigon finolftalin, a ɗiga NaOH mai ƙarfin 0.05 mol a lita har ya sauya. Shawarata ka sauko da shi ƙasa da 0.02 mol a lita kafin ya shiga tukunya.

Hanyar gyara tsohuwa ce. A zuba sodiyam kabonet kimanin kashi 7 na nauyin furfural, a tace da tururi a ƙarƙashin zuƙar iska, a wankan mai. A matsin milimita 65 na zaiba yana tashi a digiri 90. A matsin iskar duniya sai 162, kuma a can wani ɓangarensa baƙi zai yi a tulun, don haka kada ka gwada. A zubar da na farkon fitowa, ruwa ne da metanol. A bar na ƙarshe a tulu, 5-metilfurfural yana can domin a 187 yake tashi. Na tsakiya a sake tace shi, a zuba a kwalba mai duhu, a hura naitirojin, a sa a firji, a yi amfani da shi cikin sati ɗaya ko biyu. Kada ka ce NaOH za ka saka a madadin kabonet don ya fi ƙarfi: zai raba maka furfural gida biyu, rabi asid furoyik rabi alkohol, ka yi asara.

Sai ruwan narkarwa. Aisofurofanol ba ɗan kallo ba ne. A digiri 160 a kan jan ƙarfe yana iya ba da nasa haidurojin ya koma asiton. In akwai asid kuma yana haɗuwa da furfuril alkohol su ba da sinadarin "ether", wato furfuril aisofurofil ether, wadda za ka gani a GC ka rasa sunanta. Metanol da itanol sun fi shi ɓarna, asital suke yi da furfural ko babu katalis. Ruwa zalla kuwa a wannan zafin yana sauya zoben kansa ya kai ka ga saikulofentanon. Kaya ne mai daraja, amma ba shi ka fito nema ba. Saboda haka gwaji biyu wajibi ne kafin ka yarda da kowace lamba: ɗaya babu katalis sam, ɗaya da katalis amma naitirojin a madadin haidurojin. Na farko zai nuna maka nawa asid da zafi ke ci su kaɗai, na biyu nawa ne aikin aisofurofanol.

Akwai awo mai arha da kake da shi a hannu ba ka yi amfani da shi ba, agogon matsi. Giram 1 na furfural milimol 10.4 ne. Sararin saman tukunyarka kusan mililita 59. In duk ya zama furfuril alkohol, matsin zai sauka da kusan bar 4.4 idan an auna a digiri 25. Juyawar kashi 88 tana neman kusan bar 3.8. Ka rubuta matsin a sanyi kafin ka kunna wuta, ka sake rubutawa bayan ta huce ta dawo wannan zafin. Kada ka karanta a 160, tururin aisofurofanol kaɗai ya kai wajen bar goma a can. In saukar ba ta kai ba, furfural ya tafi ta hanyar da ba ta haidurojin ba. In ta zarce, ko dai kana wucewa zuwa 2-metilfuran ko tukunyar tana yoyo.

Kuma 2-metilfuran a digiri 64 yake tashi, furan a 31. Wanda ya buɗe tukunya da ɗumi ya sake su a iska ya ce karbon ya ɓata. A sa ta a ƙanƙara har ƙasa da digiri 10, a saki iskar a hankali. A saka dodiken a matsayin ma'aunin ciki, wato sinadarin da aka san yawansa don a gwada sauran da shi a GC, tun kafin a rufe, ba bayan an buɗe ba. Duk sakamakon da lissafin karbon ɗinsa bai kai 95 ba, ni ba na gina magana a kansa.

Digiri 160 ma ya yi yawa ga wannan aiki. Da katalis mai rai, 120 zuwa 140 ya isa. Juyawa 400 kuma ta yi kaɗan, ka kai 800 zuwa 1000, in ba haka ba saurin narkewar haidurojin a ruwa kake aunawa, ba ƙarfin katalis ba.

Ɗalibin Kimiyya

Allah ya saka da alheri, Malam da Malama. An yi awon. Asid ɗin furfural ya kai 0.11 mol a lita. XRD ta ba da girman ƙwayar jan ƙarfe nanomita 28 a sabo, 31 a wanda ya yi aiki, kuma akwai layin Cu2O a sabon. Gwajin da babu katalis ya cinye kashi 14 na furfural, ruwan ya yi duhu. Na ɗiga amoniya a ruwan zagayen farko ya ɗan yi shuɗi. Zan sake haɗa katalis daga farko. Wace hanya ce za ta ba ni ƙananan ƙwayoyi, kuma silikar buntun tana da laifi?

Injiniyan Masana'anta

Lambobin nan sun gama magana, bari mu ɗora su a sikeli ɗaya. Katalis giram 0.2 mai kashi 15 yana ɗauke da jan ƙarfe miligiram 30, wato milimol 0.47. Kason da ke fuska ana kimanta shi da raba 1.04 da girman ƙwaya a nanomita. A 28, kashi 3.7 ne kacal, milimol 0.017. Furfural giram 1 kuwa mililita 0.86 ne, a 0.11 mol a lita ya shigo da asid milimol 0.095. Ka ga kowace zarrar jan ƙarfe da ke aiki an aiko mata da asid fiye da biyar. Shuɗin amoniya ya tabbatar wani ɓangare ya narke ya bi ruwa. Daga 28 zuwa 31 kuma ba wani canji ba ne, ma'ana ɓarnar dunƙulewa a tanda ta faru, mutuwar zagaye na biyu kuwa ta ƙaro da asid ce. Malam da Malama duk sun yi daidai, kowa da rabonsa. Da ƙwayoyin nanomita 3 ne, kason fuska zai kai kusan kashi 35, ninki tara da wannan jan ƙarfen dai.

Silikar buntu ba ta da laifi a kanta. Toka kusan kashi ɗaya cikin biyar ce ta nauyin buntu, kuma mafi yawanta silika ce. Ƙonawa a 650 daidai ne. In an wuce 800 tana fara zama kiristobalait, wato silika mai tauri kamar dutse, ƙofofinta su toshe, musamman in fotasiyam bai fita ba. Abin tsoro shi ne HCl ɗin da ka wanke da shi. Kulorin babban maƙiyin jan ƙarfe ne, domin CuCl, haɗin kulorin da jan ƙarfe, yana narkewa a wajen digiri 430, kuma tun ƙasa da haka yake yawo a fuskar silika yana tara ƙwayoyi. Masu sarrafa metanol sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke tsare katalis ɗinsu daga kulorin kamar yadda suke tsare shi daga sulfa. Ka ci gaba da wanki har ruwan wankin ya daina yin fari idan an ɗiga masa silba naitiret. In za ka sake daga buntu, asid naitirik ko sitirik ya fi kwanciyar hankali.

Zubawa da busarwa a 120 ma tana da nata. Naitiret na jan ƙarfe a wannan zafin cikin obin marar iska yana zama haiduroksinaitiret, ya fito bakin ƙofofi ya taru manya-manya. Silika ba ta riƙe jan ƙarfe da ƙarfi, don haka a kashi 15 zuwa 20 wannan hanyar da wuya ta ba ka ƙanana.

Hanyar da ta fi ita ce ta korar amoniya. Ga awon giram 10 na katalis mai kashi 20. Narka Cu(NO3)2·3H2O giram 7.6 a ruwa mai tsabta mililita 75. Wannan jan ƙarfe giram 2 ke nan. Ɗiga amoniya mai ƙarfin kashi 25 zuwa 28 kana juyawa. Da farko za ka ga gari mai shuɗi-shuɗi ya sauka, kada ka tsaya, ci gaba har ya narke ruwan ya koma shuɗi mai duhu garau kamar na baba, pH tsakanin 11 da 12. Yakan ci mililita 20 zuwa 25. Zuba silika giram 8, a niƙe ta lukui. A juya awa huɗu a zafin ɗaki a rufe. Sannan a buɗe, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, a ɗaga zuwa digiri 80 ko 90 amoniya ta riƙa fita. Kada a bari ya tafasa, kuma in ruwa ya ja baya a ƙara. Idan pH ta sauko tsakanin 6 da 7, ruwan sama ya washe, an gama. In ka ga garin ya fara baƙi a tukunya, zafi ya yi yawa, CuO ne ya fita daban, wannan zubin ya lalace. A tace, a wanke sau uku zuwa biyar, a busar a 100 zuwa 120, a gasa a 450 na awa huɗu ana hawa digiri 2 a minti.

Alamar nasara ita ce launi. Bayan gashi garin ya kasance shuɗi mai ɗan kore, ba baƙi ba, kuma XRD kada ta nuna layukan CuO masu tsini. Abin da ya faru shi ne jan ƙarfen ya shiga jikin silikar ya yi filosiliket, wato haɗin jan ƙarfe da silika mai hawa-hawa. In aka cire masa oksijin a hankali yana fitowa ƙanana, 'yan nanomita kaɗan, wani ɓangare Cu zalla wani Cu mai caji ɗaya da silika ta riƙe. Na farkon yana raba haidurojin, na biyun yana taimakawa wajen kama C=O. Silikar toka ba ta saurin narkewa kamar ruwan silika na kanti, don haka in sakamakon bai yi ba, narka tokar a NaOH ka sake saukar da ita da asid naitirik ka samu mai laushi. Ƙananan ƙwayoyi XRD ba ta ganinsu sosai, sai a auna fuskarsu da N2O a digiri 60 zuwa 90: zarra biyu na fuska suna cin N2O ɗaya, kuma murabba'in mita ɗaya yana ɗauke da zarra 1.46 sau 10 mai ƙarfin 19.

Batun kofa kuromait. Gaskiya ne shi masana'antu suka dogara da shi shekaru da dama; Homer Adkins na Jami'ar Wisconsin ya yi masa suna tun farkon shekarun 1930. Kuromiyam ɗin yana raba ƙwayoyin jan ƙarfe ya hana su haɗuwa. Amma ana haɗa shi ne daga gishirin kuromiyam mai caji shida, wanda ke jawo cutar daji, kuma zubar da tsohonsa babbar matsala ce. Dukkan binciken Cu a kan silika, ko da zinki, ko da magnisiyam, neman hanyar rabuwa da shi ne. Kuma shi ma ba ya tsira daga abin da ya kashe naka, ƙaro yana rufe shi. In za ka saya, ka sayi kaɗan don gwada naka da shi, kada ka haɗa da hannunka.

Wani abu da ya kamata mai wannan bincike ya riƙe: a masana'anta tsabtace furfural ba a wasa da shi. Kamfanin Quaker Oats ya fara fitar da shi a 1922 a Cedar Rapids ta jihar Iowa daga ƙaiƙayin ots. Yau mafi yawansa daga Sin yake fitowa, daga totuwar masara, sai manyan masana'antu biyu masu amfani da tukar rake, Central Romana a Jamhuriyar Dominika da Illovo a Sezela ta Afirka ta Kudu. Kaso mafi tsoka furfuril alkohol ake mayar da shi. A duk waɗannan wurare tururin da ya fito daga tukunya yana bi ta hasumiyar tacewa, inda furfural da ruwa ke tashi tare a kusan digiri 98 da furfural kashi 35. In ya huce ya rabu biyu, domin kashi 8 kawai ruwa ke iya ɗauka a zafin ɗaki. Na ƙasan ana kashe masa asid, a sake tace shi a zuƙar iska. Kai a tsakiyar hanya ka tsaya. Totuwa tana da fentosan, sarƙar sukarin da ke zama furfural, wajen kashi 30, a lissafi kowane giram 132 na fentosan zai ba da furfural giram 96, amma a aikace kusan rabin haka ake samu, wato tan goma ko fiye na totuwa kafin tan ɗaya. Kayan da aka sha wannan wahala a kansa bai kamata a bar kashi 25 nasa ya zama ƙaro ba.

In kana da bututu da tanda, ka yi tunanin gwada shi a tururi maimakon tukunya: matsin iskar duniya, digiri 140 zuwa 170, haidurojin ninki goma na furfural ko fiye. Kayan yana barin katalis da wuri, kuma kana ganin raguwar ƙarfinsa awa bayan awa. Da ka haura 200 kuwa 2-metilfuran zai fara rinjaye.

Malamin Katalis

Injiniya ya kawo hanya mai kyau, amma akwai abin da zan ƙara a kanta. Cu mai caji ɗaya da filosiliket ke bari shi kansa wurin asid ne mai rauni. Yana ƙara sauri, amma in ya yi yawa yana ture ka zuwa 2-metilfuran da ether, yana kuma taimakon ƙaro. Shi ya sa ake ɗan saka alkali, sodiyam ko kalsiyam, don a kwantar da shi. Saboda haka in ka bi ta NaOH wajen narka tokar, ragowar sodiyam kaɗan ba abin tsoro ba ce, sai dai a auna ta a san nawa ce, ta zama iri ɗaya a kowane zubi. Raba sabon katalis ɗin gida biyu, ɗaya haka nan, ɗaya da kalsiyam kashi 1 daga naitiret, ka gwada su a yanayi ɗaya.

Tsohon kuma kada ka zubar, zai raba maka gardama. Wanke shi da asiton, busar, ɗauki kaɗan a yi TGA, wato auna sauyin nauyinsa yayin da ake ɗaga zafi, cikin iska. Ƙaron yana ƙonewa tsakanin digiri 200 da 500. Ka tuna jan ƙarfe yana ƙara nauyi da kashi 25 idan ya koma CuO, wato kusan kashi 3.8 na nauyin katalis mai kashi 15, sai ka ɗora wannan a kan raguwar da na'ura ta nuna, in ba haka ba za ka raina yawan ƙaron. Sauran a ƙona shi da oksijin kashi 2 zuwa 5 cikin naitirojin har 350, a sake bi da haidurojin a 250, a gwada da furfural mai tsabta. In ya dawo kusa da ƙarfinsa na farko, rufewa ce kawai. In bai dawo ba, a auna jan ƙarfen da ya rage da AAS, na'urar auna yawan ƙarfe a samfur, a kuma nemi sulfa.

Wajen gwada maimaici, daina kwatanta zagaye a awa huɗu. Katalis ɗin da ya rasa rabin ƙarfinsa yana iya kai ka kashi 95 in ka ba shi lokaci, ka ɗauka lafiyarsa lau. Rage lokaci ko katalis har juyawar ta tsaya tsakanin kashi 20 da 30, a nan raguwa ke bayyana. Auna nauyin abin da ka kwato bayan kowane zagaye, ka rage furfural daidai da abin da ya salwanta a tacewa. Tsakanin zagaye kada garin ya bushe a iska, a bar shi a ƙarƙashin ruwan narkarwa.

Kafin kowane zagaye a kore iskar tukunya da naitirojin sau uku, sannan haidurojin sau uku, a bar ta a bar 20 na rabin awa a ga ko allurar ta motsa. Haidurojin yana kama wuta a iska daga kashi 4 har 75, kuma harshensa da rana ba a cika ganinsa ba. Bututun sakin iska ya fita waje ta taga ko ta akwatin zuƙe hayaƙi.

Fara da furfural da ka tace sau biyu da sabon katalis a digiri 130, bar 20, juyawa 900, ka ɗebi samfur a minti 15, 30, 60 da 120. Ka turo mana lissafin karbon na kowanne tare da saukar matsi a sanyi.